Tasar da Abdulbaƙi Ya Bar a Hannuna

Abdulbaƙi ya rasu ranar wata Talata cikin Muharram na bara, a tsakiyar zafin nan da ke sa kwalta ta yi laushi a ƙarƙashin takalmi. Abu na ƙarshe da ya roƙe ni a duniya ba wani babba ba ne. Tasar ruwan karyarsa ce ya ce in mayar mata. Daga Hindawiyya, unguwarmu a Makka, zuwa inda take tafiyar minti arba'in ce a mota. Na yi kwana uku ban je ba.

Sunana Rabi'u. Ban yi karatu mai nisa ba, kuma ban taɓa rubuta abin da ya wuce sunayen kaya a bayan kwali ba. Amma an yi ta faɗin maganganu a kan mutumin nan, yana raye da bayan ya mutu, kuma yawancin masu faɗin ba su taɓa hawa dutse ɗaya da shi ba. Ni na hau, shekara goma sha biyu.

A lungu ɗaya muka tashi. Mahaifinsa daga ƙasar Sakkwato ya taso da ƙafa, ya yi shekaru a Chadi, ya yi noma a Sudan, kafin ya iso Makka ya ce daga nan sai kabari. Ya bar 'ya'ya biyu maza a gida ɗaya mai hawa biyu. Yaya Ma'aruf, babban, shi ke ƙasa, yana da shagon tasbaha da dardumai a Misfala, mutum ne mai son a gan shi a sahun gaba. Abdulbaƙi na sama da matarsa da 'yarsu guda, Haifa, shi ya sa kowa ke kiransa Abu Haifa. Tasi yake ja. Ni kuma ina da wanet, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ina ɗauko kayan miya daga babbar kasuwa ina raba wa masu shaguna. Sarkin albasa yake ce mini, wai ko na yi wanka da turare sai ya gane ni da ido a rufe.

Ba shi da yawan magana. Direbobin tasi akan ce bakinsu ba ya hutawa, shi kam sai ya kai fasinja Jidda ya dawo bai ce uffan ba ban da sallama. Abin da ke damunsa ɗaya ne, ƙuncin gari. Yakan ce an haife mu a gindin duwatsu amma mun tsufa ba mu san bayansu ba, kullum muna tsakanin bango da bango, ga hayaƙin motocin alhazai, ga ƙarar gine-gine.

Karyar a hanyar Ɗa'if ya tsince ta. Yana saukowa da fasinja ya hango uwar a kwance gefen titi, mota ta take ta, ga 'yar tana ta tura baki cikin gawar. Ya taka birki. Fasinjan ya ce idan abin nan ya shigo motar shi zai fita. Abdulbaƙi ya buɗe masa ƙofa. A cikin kwalin ruwa ya kawo ta gida, launinta ɗaya da ƙananan duwatsun da ya ɗauke ta a kai, sai ya sa mata Tsakuwa.

Ko matakala ba ta hau ba. Yaya Ma'aruf ya tare ƙofa.

"A gidan ubanmu? Kare? Kana so mala'iku su daina shigo mana?"

"Kwana biyu kawai, Yaya, ta buɗe ido sosai."

"Ko minti biyu. Ai dama ana kallonmu a unguwar nan, yanzu kuma a ce gidan masu kare."

Abdulbaƙi bai yi musu ba. Ya buga mini waya, muka sa kwalin a bayan wanet, muka fita gari ta gabas har muka wuce alamomin iyakar Harami. A wani kwari a gindin duwatsu akwai wani makiyayi, Mahadi, wanda iyayensa suka zo ta Chadi, yana da shingen awaki da 'yar rumfar kwano da tankin ruwa. Ya leƙa kwalin ya ce karen kiwo halal ne, a bar ta, in ta girma ta kore masa dila. A nan Tsakuwa ta zauna duk rayuwarta. Ba ta taɓa kwana a cikin Makka ba.

Daga nan Talata ta zama tamu. Ba zai iya sa ta a tasi ba, don fasinja ɗaya ya ga gashi a kujera magana ta gama gari, shi ya sa sai da motata. Bayan sallar asuba zan same shi a bakin lungu riƙe da leda: gurasar tamis mai zafi, dafaffen waken nan da ake kira ful, ganyen na'ana'a, da wata tsohuwar jallabiya mai ruwan toka wadda ba ya sa ta sai don karyar. A shingen Mahadi yake canza kaya, in za mu dawo ya sake canzawa, ya ɗaure ta tokan a leda biyu. Tsakuwa na jin ƙarar injina tun daga nesa. Kafin in tsaya ta riga ta dire a bayan motar ta ɗora ƙafafun gaba a kan ƙarfe tana haki.

A ƙasar nan fita da kare ba abu ne mai sauƙi ba. Wuraren hutawa na iyali da ke bakin hanya ba a shiga da shi. In ka tsaya inda mutane suka shimfiɗa darduma, kafin ka kashe mota wani ya taso yana ɗaga maka hannu. Sai da Abdulbaƙi ya bi kwaruruwan nan ɗaya bayan ɗaya ya san halin kowanne. Ya san inda itatuwan samur ke ba da inuwa har hantsi. Ya san kwarin da ruwa ke kwanciya a cikin dutse kwana goma bayan an yi ruwan sama, a nan Tsakuwa ke iyo tana atishawa. Ya san inda masu zuwa gasa nama suke barin fasassun kwalabe, ba ma sauke ta a wurin. Ya san wani tsohon makiyayi mai jifa da dutse kafin ya yi tambaya. Idan zafi ya yi yawa sai mu hau hanyar dutse mu nufi sama inda iska ke da sanyi, mu ratse kafin wurin birai, don ta taɓa bin wani gwaggon biri ta dawo da kunne a tsage. Kuma duk lokacin da hanya ta bi da mu ta cikin iyakar Harami, igiya na wuyanta, hannunsa na kan igiyar ta tagar baya. Yakan ce ko ƙadangare ba za ta kora a ƙasar da aka hana farauta ba, ba zai ɗauki wannan a kansa ba.

A can sama ne kawai nake jin muryarsa da kyau. Zai kunna ɗan murhun gas, ya ɗora shayi, ya miƙe ƙafa.

"Sarkin albasa, dubi can. Ka ga garin? Ɗan mitsitsi. Duk masu zaginmu suna cikin abin nan da zan rufe da babban yatsana."

"Rufe har da Yaya Ma'aruf."

"Shi sai da tafin hannu, ka san ya yi tumbi."

Sau ɗaya ya yi kuskuren haɗa iyali da karyar. Tsakuwa tana da wata bakwai, aka yi ruwan sama, kwari ya yi kore, ya lallashi gidan gaba ɗaya a fita shan iska. Har Yaya Ma'aruf ya zo da matarsa da 'ya'yansa. An ɗaure karyar nesa, jikin wani itacen samur. Ana cikin cin abinci ta zame igiyar, ta zo a guje da murna, ta sa baki a cikin babban kwanon da aka zuba ruwan sha da ƙanƙara. Lasa biyu ta yi.

Yaya Ma'aruf ya tashi ya ɗauki kwanon ya wurga shi gangare. Muna jin ƙararsa yana bugun duwatsu har ƙasa. Sannan ya juyo kan ƙaninsa, wanda ya riga ya riƙe karyar tana lasar hannunsa.

"Wanke hannun nan. Sau bakwai, ɗaya da ƙasa. A nan, ina gani."

"Yaya, ai Baba ya karantar da mu kwano ake wankewa, ba..."

"Baba ba a Makka ya yi karatu ba. Wanke!"

Mutum mai shekara arba'in da uku, a gaban matarsa da 'yarsa 'yar shekara bakwai, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya cuɗa hannu, yayansa na ƙirga masa da ƙarfi. Ni na riƙe butar. Na daɗe da iya yin shiru a gaban Yaya Ma'aruf, tun muna yara.

Talatar da ta biyo baya ya zo da wata tasa ta alminiyam mai ɗan lotsawa a gefe. Ya sayi jan fenti ya zagaye bakin tasar, don kada ɗan Adam ya yi kuskuren sha a ciki. Ya ce daga yau Tsakuwa ba za ta ƙara sa baki a mazubin kowa ba. Na yi dariya, na ce kare ne fa, ba ɗalibi ba.

Wata biyar ya yi yana koya mata. Sai ya jera mazubai a ƙasa, kofi, bokiti, gwangwani, murfin tukunya, duk da ruwa, ya aje tasar a ƙarshe. In ta nufi wani sai ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Bari." Bai taɓa dukanta ba. In ta je ga tasar sai ya ba ta ɗan busasshen nama, ya shafa kanta, ya yi ta yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Har kwamin da awakin Mahadi ke sha ya hana ta, don Mahadi na sayar da nono, kada wani ya ce an ga kare a ruwan awakin. A ƙarshe ta kai ko ta dawo daga gudu harshe a waje, ka aje mata bokiti cike, sai ta kalle shi ta kalli Abdulbaƙi ta zauna. Ruwan da ke kwance a dutse ne kawai take taɓawa, shi ma sai ya ce mata, "Sha."

Yana alfahari da wannan fiye da komai. Duk makiyayin da muka haɗu da shi sai ya nuna masa. "Ka gani? Ta fi wasu mutane sanin abin da ba nata ba." Tasar tana zama a shingen, Mahadi na cika ta safe da yamma. Ranar Talata kuma ta shiga bayan motata tare da mai ita.

Duk wannan bai sa unguwa ta bar shi ba. Abu Kalb suke ce masa a bayan ido, wato uban kare. Akwai waɗanda in sun gaisa da shi sai su goge hannu a jikin riga suna tsammanin bai gani ba. Sau ɗaya liman bai zo ba aka tura shi gaba, wani dattijo ya jawo shi baya ta hannun riga, ya ce a samu wanda tufafinsa ba shakka. Mutumin da ke canza kaya sau biyu saboda su. Mutumin da in tsohuwa ta tare shi da rana ba ta da abin biya, sai ya kai ta har ƙofa ya ɗaukar mata kaya. Da aka zo neman auren Haifa, Yaya Ma'aruf ya ce masa ya rabu da dabbar nan kafin dangin yaron su ji. Ya ce to. Talata na zuwa na same shi a bakin lungu da ledarsa.

"Na ce masa to, ban ce masa yaushe ba," in ji shi.

Shekaru suka tafi. Bakin Tsakuwa ya yi fari, ta daina dira mota, sai ya ɗauke ta ya ɗora. Shi ma ya fara tsayawa a tsakiyar hawa yana dafe ƙirji, ya ce ful ne ya yi masa nauyi. Na ce ya je a duba shi. Ya ce bayan aikin Hajji, in fasinja sun ragu. Hajji ya wuce bai je ba.

Ranar Talatar nan ba mu yi nisa ba saboda zafi, wani ɗan tudu ne kusa da shingen. Ya cika mata tasar, ta sha, ya mayar da tasar bayan mota. Ya ɗora shayi. Kafin ruwan ya tafasa na ga ya kwanta a gefe ɗaya, fuskarsa ta yi toka-toka, gumi na zuba. Na cicciɓe shi na sa a gaba, na ɗora karyar a baya, na tsaya a shingen daidai yadda zan sauke ta in yi wa Mahadi ihu ya riƙe ta. Na fizgi mota.

Mun hau kwalta ya buɗe ido. Wani abu na ta ƙara a bayan motar, yana gungurawa daga gefe zuwa gefe. Shi ya fara gane ko mene ne.

"Rabi'u. Tasar."

"Rabu da tasa, Abu Haifa, yi salati."

Ya yi salatin. Sannan ya kama hannuna a kan giya. "Ba za ta sha a wani abu ba. Ka mayar mata. Yau."

"Zan mayar."

"Ka ce wallahi."

Na ce wallahi. Bai ƙara wata magana da ni ba. Muka isa asibiti. Kafin azahar likita ya fito ya dafa kafaɗata.

An yi masa salla a Harami bayan magariba, muka kai shi makwancinsa. A ranar ba wanda zai zarge ni. Na tuna da tasar muna dawowa, na ce gobe da sassafe.

A nan garin makoki kwana uku ne, aza muke ce masa. Ana tare lungu, a shimfiɗa kafet, a jera kujeru, a rataya fitilu. Daga magariba zuwa isha'i 'yan uwan mamaci na tsaye a sahu, jama'a na wucewa ɗaya bayan ɗaya suna dafa kafaɗarsu suna yi musu ta'aziyya. Abdulbaƙi ba shi da ɗa namiji, sai Yaya Ma'aruf ya ce in tsaya kusa da shi a sahun, tunda kowa ya san ni ne amininsa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Shekara hamsin da biyar mutumin nan bai taɓa sa ni a gefensa ba.

Da safiyar Laraba ina shirin tayar da mota ya ƙwanƙwasa gilashi. Kujeru za a ɗauko, da kafet, da katan-katan na ruwa. Wa ke da wanet in ba Rabi'u ba? Ya zagaya baya don ya ga yawan abin da za ta ɗauka, sai ya tsaya. Ya sa bakin takalminsa ya taɓa tasar.

"Wannan fa?"

Bai jira amsa ba.

"A nan za ka ɗora abincin mutane? La haula. Ko ya mutu ba za mu huta da abin nan ba? Jefar da ita, ka wanke motar nan."

Ban jefar ba. Da ya juya na tura ta ƙarƙashin kujerata. Amma na wanke motar, yana tsaye. Sannan ya shiga gaba ya zauna, daidai inda ƙaninsa ya kama hannuna, muka yi ta zirga-zirga har la'asar. A raina ina cewa, dabba ce, in ƙishi ya ishe ta za ta sha ko a ina ne. Ga kwami cike a gabanta. Ni da na ga wata biyar ɗin nan da idona, ni na faɗa wa kaina haka.

Bayan magariba ina tsaye a sahu wayata ta yi ta rawa a aljihu. Na leƙa, Mahadi ne. A daidai lokacin dattijon nan da ya taɓa jawo Abdulbaƙi daga gaban sahu ya iso gabana, ya dafa ni, ya ce Allah ya jiƙan Abu Haifa, mutumin kirki ne, ba ruwansa da kowa. Na kashe wayar na ce amin.

Ranar Alhamis na kira Mahadi daga bayan gida, murya ƙasa kamar ɓarawo.

"Malam Rabi'u, Allah ya ba mu haƙuri. Amma karyar nan ba ta sha ba fa."

"Zuba mata a wani abu."

"Na zuba a gwangwani, na zuba a bokiti, har a tafin hannuna. Kallona kawai take. Na tona rami na zuba, ƙasa ta shanye kafin ta ɗago kai. Tana kwance a bakin hanya inda kuke tsayawa. Na ja ta inuwa ta koma."

"Ka ce mata, sha."

"Na ce. Ba muryata take jira ba. Ina tasar?"

"Tana wurina. Gobe in Allah ya so."

Ranar akwai shinkafa da raguna biyu da za a ɗauko daga wurin mai dafawa, akwai baƙi daga Jidda da za a tarbo a tasha. Duk gaskiya ne. Amma tsakanin azahar da la'asar na samu awa biyu ba abin da nake yi. Na zauna a mota, makulli a hannuna. Abin da ya hana ni shi ne tunanin wani zai tambaya ina Rabi'u, wani ya amsa ya tafi wurin kare. Na ga fuskokinsu a raina. Na mayar da makullin aljihu na je na taya jera kujeru.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai katan ɗin ruwa sama, wurin mata. Na aje a bakin ƙofa na yi sallama zan juya, sai na ji muryar Haifa daga bayan labule. Hausarta ba ta da ƙarfi, rabi Larabci ce, amma ranar da Hausa ta yi mini magana, irin ta ubanta. Ammi take ce mini, wato baffa da Larabci.

"Ammi Rabi'u."

"Na'am, 'yata. Ya haƙuri?"

"Alhamdu lillahi. Ammi, wa yake ba Tsakuwa ruwa?"

Na ce Mahadi na can.

"Baba ya ce ba ta sha sai a tasarta. Tasar na can?"

Na tsaya ina kallon takalman matan da aka tara a bakin ƙofa. Ta jira. Sannan ta ce, a hankali, "Kai ma, Ammi?"

Na sauka matakala ban san yadda na sauka ba. Yaya Ma'aruf na bakin lungu yana nuna inda za a aje manyan farantan daren uku. Ya ga na buɗe mota.

"Ina zuwa? Yau ne fa daren ƙarshe, akwai sauka."

"Zan kai wa karyar Abdulbaƙi ruwa."

Da ƙarfi na faɗa, mutane suka juyo. Abin da na yi kwana uku ina tsoro ke nan, kuma bai fi daƙiƙa biyu ba. Ya ce wani abu a bayana, ban ji ba.

Na same ta inda Mahadi ya ce, a bakin hanya. Ya kafa mata buhu a kan sanduna don inuwa, ya jiƙa tsumma ya ɗora mata a wuya, ya ce tun safe yake matsa mata ruwa a baki da tsumman yana zubowa ta gefe. Taku goma daga inda take, awaki na sha a kwami, ruwa har yana malala ƙasa. Ta ji injin, wutsiyarta ta motsa sau ɗaya a cikin ƙasa. Ba ni take dubawa ba, ɗaya ƙofar take kallo, wadda ba ta buɗe ba.

Na ciro tasar daga ƙarƙashin kujera, na cika ta, na durƙusa na aje a gaban hancinta. Ta gane jan fentin. Ta yi ƙoƙarin ɗaga kai, na tallafe shi da hannuna. Na ce, "Sha, Tsakuwa." Harshenta ya taɓa ruwan sau biyu ko uku, amma bai wuce maƙogwaro ba. Na zauna a ƙasa na ɗora kanta a cinyata, da farar jallabiyata ta Juma'a, ina ta ba ta haƙuri kamar tana jin Hausa. Wataƙila tana ji, shekara goma sha biyu da ita ake yi mata magana. Kafin rana ta faɗa bayan dutse ta daina numfashi.

Mahadi ya ce in daina cin kaina. Ya ce ta tsufa, ga zafi, ga kewar mai ita, ko da tasar ma ba lalle ta sha ba. Mai yiwuwa ne. Ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne na ce wallahi, kuma tasar tana ƙarƙashin kujerata ina zaune a kanta kwana uku ina jigilar kujeru. Mun haƙa rami a gindin samur ɗin da aka fara ɗaure ta, muka rufe, muka jera duwatsu saboda dila.

Wani lokaci haushin Abdulbaƙi nake ji, Allah ya gafarta mini. Me ya sa ka koya mata haka, Abu Haifa? Don ka faranta wa mutanen da ba su taɓa daina goge hannu ba? Ka hana baiwar Allah ruwa a ko'ina sai wuri ɗaya, sannan ka bar wurin a hannun matsoraci. Sai kuma in tuna shi durƙushe yana cuɗa ƙasa a hannu, ni riƙe da buta, in rasa wanda zan ji haushi.

Haifa ta yi aure bayan wata shida. Ta aiko a ce mini tana son tasar, na kai mata a leda biyu, kamar yadda ubanta ke ɗaure jallabiyarsa. Ba ta fito ba, mijinta ne ya karɓa. Har yau in mun haɗu tana gaishe ni da ladabi, amma da Larabci.

Yaya Ma'aruf kuwa bai ƙara yi mini magana ba. Ya gaya wa duk Hindawiyya cewa Rabi'u ya bar makokin amininsa a daren uku, ana saukar Alƙur'ani, ya tafi wurin kare. Yanzu ni ake goge wa hannu. Wasu suna zuwa su tambaye ni a ɓoye, wai da gaske ne? Nakan ce da gaske ne. Ba na ƙara komai, don abin da zan ƙara ba shi suke son ji ba. Ina ma tun ranar Laraba na tafi, na ba su wannan labarin.